An hana shi lemo, an bar masa gishiri

Duk gidan da ka shiga a ƙasar Hausa, daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa zangon Kumasi, in hira ta yi nisa sai an nuna maka mai olsa. Kuma kowane mai olsa yana da jerin abubuwan da aka hana shi, ya haddace su kamar karatun allo. Ban da lemon tsami, ban da lemon zaƙi, ban da ɗanyen tumatir, ban da tsamiya da zoɓo da yakuwa, ban da yaji, kada kuma ya kuskura ya bari yunwa ta kama shi. Wani an ce ya riƙa kurɓar madara, wani an ce ya jiƙa kanwa ya ajiye a gefen gado. Mu da ke karɓar kiran masu saurare a rediyo mun ji wannan jeri har ya zauna mana a kai. Abu ɗaya ne ban taɓa jin an sa a cikinsa ba, shi ne gishiri.

Da wannan jeri nake faɗa yau, da masu yaɗa shi, da masu cin kasuwa a bayansa. Ya kwashe wa marar lafiya abincin da ke taimakon tumbinsa, ya bar masa wanda ke ɓata shi. Abin da ya fi haka muni, ya ba shi suna mai kwantar da hankali. «Olsa ce.» Sai mutum ya riƙe sunan nan shekara biyar, shekara goma, ba gwaji ba bincike, har ranar da za a ce masa ciwon daji ne na tumbi, kuma ya riga ya yi nisa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba zan ƙara wa zancen gishiri ba, wanda ke cikinsa ya isa. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan 970,000 ne suka kamu da kansar tumbi a duniya, kimanin 660,000 kuma suka mutu da ita. Dubi yadda lambobin nan biyu suka matso juna. Dalili kuwa cutar ba ta zuwa da ganga da algaita. Farkonta ɗan zafin ciki ne, da kumburi bayan an ci abinci, da yawan gyatsa, wato daidai abin da muke kira olsa mu wuce.

To ita olsar daga ina take? Mu dai tuni muka yanke mata hukunci, yunwa ce ke kawo ta. Ka musa wa tsohuwa wannan, ta yi maka kallon yaron da boko ya lalata. Turawa ma sun daɗe suna ɗora laifin a kan damuwa da yaji, har shekarar 1982, lokacin da wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ware wata lanƙwasasshiyar ƙwayar cuta da ke zaune daram cikin tumbi, wurin da ake zaton ruwan tsami ba ya barin komai ya rayu. Likitocin duniya ba su gaskata su ba. A 1984 Marshall ya haɗa ƙwayar cikin ruwa ya shanye, kafin sati biyu fatar tumbinsa ta kumbura, amai ya sarƙe shi. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Tun a 1994 kuwa cibiyar nan ta Liyon ta sa ƙwayar a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Sunanta Helikobakta failori. Ita ke haƙa mafi yawan gyambon ciki, kaso mai tsoka na sauran kuma aikin magungunan kashe zafi ne irin su asfirin da ibufurofen da diklofenak, waɗanda leburori da 'yan kabu-kabu ke watsawa baki kamar gyaɗa. Abin da yunwa ke yi shi ne ta tada gyambon da yake nan tun da.

Akasari tun ana yara ake ɗaukar ƙwayar, ta yawu, ta ruwa marar tsabta, ta hannun da ba a wanke ba, a gidan da mutane suka cunkushe. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, kuma yawancinsu za su rayu su mutu ba ta yi musu wata mummunar illa ba. Mutum 1 zuwa 3 cikin 100 ne take kai wa ga daji. Abin tambaya, me ke zaɓar waɗannan 'yan kaɗan? Akwai irin ƙwayar da mutum ya ɗauka, don wata ta fi wata mugunta. Akwai gado. Akwai taba. Sannan akwai tukunya.

Wani likita ɗan Kolambiya, Pelayo Correa, ya yi shekaru yana duba tumbin mutanen duwatsun Narinyo, inda cutar ta yi katutu. A 1975 ya zayyana hanyar da take bi. Fatar cikin tumbi ta kumbura, kumburin ya daɗe, fatar ta sirance har ta kasa fitar da ruwan tsami yadda ya kamata, ƙwayoyin halittarta su sake kama su koma kamar na hanji, daga nan su lalace, daga nan daji. Tafiya ce ta shekara 20, 30, ko fiye. Gishiri mai yawa yana tura mutum gaba a wannan hanya, don yana lalata yauƙin da ke lulluɓe fatar tumbi, ya bar ta a buɗe ga ƙwayar. An gwada a jikin wani irin ɓera: waɗanda aka sa wa ƙwayar aka kuma cika musu abinci da gishiri sun fi kamuwa da daji a kan waɗanda aka sa wa ƙwayar kaɗai. Idan kuma ruwan tsamin tumbi ya ragu, sai wasu ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, su riƙa samar da sinadarin nitirit, shi kuma ya haɗu da ɓurɓushin abinci su ba da wasu sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta. Ka san abin da ke tare wannan haɗuwa? Bitamin C. Wato abin da ke cikin lemon da aka hana mai olsa.

Wanda yake ganin wannan zancen ɗakin gwaji ne kawai, ya dubi tarihi. Wajen shekarar 1930, a Amurka babu dajin da ya kai na tumbi kisa. Yau ya koma can ƙasan jeri, kuma ba wani magani aka gano aka raba musu ba. Firji ne ya shiga gidaje, mutane suka daina adana nama da kifi cikin gishiri, 'ya'yan itace da ganye suka wadata rani da damina, ruwan sha ya tsabtata har ƙwayar ta ragu a jikin yara. Japan da Koriya da Mongoliya, inda ake yawan cin gishiri, har yau suna cikin ƙasashen da cutar ta fi addaba. Mutanen Japan da suka yi ƙaura zuwa tsibirin Hawayi, 'ya'yansu da jikokinsu ba su kamu da ita kamar 'yan uwansu da suka rage a gida ba. Jini ɗaya ne, tukunya ce ta sake. A 2024 masu bincike a birnin Biyana suka bi bayanan mutum sama da 470,000 a Birtaniya, suka ga masu ɗabi'ar barbaɗa gishiri a kan abinci kullum sun fi waɗanda ba su cika yi ba haɗarin kamuwa da kusan kashi 40 cikin 100.

Yanzu mu shiga madafarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke ɓoye cikin abincin saye. Duniya a jimlace tana cin fiye da ninki biyun haka. Ina roƙon uwargida ta yi lissafi da ni, ba don in kunyata ta ba. An zuba gishiri a miya. An murmushe dunƙule huɗu ko shida, shi kuwa dunƙule kusan rabin nauyinsa gishiri ne tsagwaro. An ƙara farin magi. An sa busasshen kifi. Aka kawo kwano, ga yaji a gefe, shi ma an daka shi da gishiri da dunƙule. Da safe yara sun ci taliyar leda da garin da ke cikinta, maigida ya ci burodi da kifin gwangwani, da yamma ga awara ga ɗan wake ga kilishi, kowanne da yajinsa. Kwaɗon zogale ma bai tsira ba. Hatta ɗanyen mangwaro sai mun dangwala shi a gishiri.

Abin da ke ba ni haushi game da dunƙule, kullum sai ka ji saƙon murya yana yawo a WhatsApp, wai akwai kitsen alade a ciki, wai an zuba masa maganin hana haihuwa. Mutane su firgita kwana uku su koma ruwa. Muna ƙaunar makircin da aka ƙulla a ɓoye, amma illar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin takardar, kalmar farko a jerin kayan haɗin, ba mai kallonta. Gishiri ba shi da armashin labari.

Kuma kada maza su sulale su bar mata da laifi. Wane ne ke ɗanɗana miya ya ture kwano ya ce lami ce? Wane ne ke yaba girkin amarya a gaban uwargida, har kowace ta shiga ƙara dunƙule don kada a bar ta a baya? A gidaje da yawa harshen maigida ne mudun awon gishiri, yara kuma su tashi da wannan mudu. Alhali harshe abu ne mai saurin sabo, in aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni abincin da ya saba ci a da zai ji ya yi masa zartsi. Kakanninmu da daddawar kalwa da ta batso suka ba miya daɗi. A zamaninsu sai ayarin raƙuma ya keta Tenere zuwa Fachi da Bilma kafin kantu ya iso kasuwa, abin da aka sha wannan wahala aka kawo kuwa da tsunkule ake zuba shi. Ban ce a bar gishiri gaba ɗaya ba, jiki na bukatar kaɗan, kuma mai sinadarin aidin shi ke tsare mu daga maƙoƙo. A sayi mai aidin, a rage hannu.

Na san abin da wasu masu karatu za su tare ni da shi, musamman waɗanda suka leƙa littattafan likitanci. Za su ce ai wannan cutar Asiya ce, ba tamu ba. Suna da madogara. A 1992 wani likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a Maiduguri, Chris Holcombe, ya nuna cewa fiye da mutum 8 cikin 10 da aka gwada a yankin suna da alamar ƙwayar a jininsu, amma ba kasafai ake samun kansar tumbi a rubuce ba. Ya kira abin ɗaurin gwarmai na Afirka, kuma tun daga nan masana ke ja-in-ja a kai. Amsata ita ce, wanda bai je asibiti ba ba ya shiga lissafi. Dattijo ya yi wata takwas yana ramewa a ƙauye, aka ce olsa, aka ce sammu, ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. A wane littafi aka rubuta shi? Sannan cutar ta fi kama waɗanda suka haura 60, mu kuwa a Nijar kusan rabinmu ba su kai 15 ba. A Bamako, inda aka buɗe rajistar masu ciwon daji tun 1986, na tumbi ya fito cikin na gaba-gaba a tsakanin maza. Mali maƙwabciyarmu ce, ba ta kusa da Japan. Ko da ma a ce akwai wata kariya da tsohon abincinmu na gero da dawa da ganye ya ba mu, to ai shi ne abincin da muke juya wa baya yanzu da gudu.

Game da tsire da balangu da banda, ba zan tada wa mahauta hankali fiye da kima ba. Asusun binciken ciwon daji na duniya da ke Landan, a rahotonsa na 2016 kan tumbi, ya sa abincin da aka adana da gishiri, da yawan shan giya, da ƙiba, cikin abubuwan da hujjarsu ta yi ƙarfi. Gasasshen nama da kifi ya sa su a sahun da hujjarsa ba ta kai haka ba. Duk da haka ɓangaren da ya ƙone ya yi baƙi ƙirin a yar da shi, masu babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya kuwa su ji tsoron Allah. Barkono, wanda shi ne shugaban jerin haramcinmu, bincike a kansa ya rabu biyu. Yana sa mai gyambo ya ji raɗaɗi, wannan gaskiya ne, amma a ƙullin yajin mai tsire ni gishirin ya fi ba ni tsoro.

Sai 'ya'yan itace. Hukumar Lafiya ta ce giram 400 na kayan marmari da ganye a yini. Mu kuwa mun mayar da su abincin azumi da kayan dubiya, ba ka ganin lemo a gidan Bahaushe sai an ga wata ko an kwantar da wani. Ba rashi ba ne kaɗai. Lokacin mangwaro har ruɓewa yake a tasha. Ga gwaba, ga lemon Timiya, ga magarya, ga garin 'ya'yan kuka da yake maƙare da bitamin C, ga albasar Galmi da ake loda wa manyan motoci zuwa Abijan da Akara. Ganyen da muke ci kuma sai mun jefa masa kanwa mun bar shi a wuta har ya narke, alhali zafi da kanwa su ne manyan abokan gaban bitamin C. A bar kanwa ga abin da ba ya dahuwa sai da ita, a rage wa ganye daɗewa a wuta, a yanka ɗanyen tumatir da albasa a kai. In mutum yana cikin ciwo kuma lemo na ƙara masa raɗaɗi, ya dakata har ya gama magani. Dakatawar sati biyu ke nan. Wa ya ce ta zama ta shekara 20?

Da an ambaci bitamin sai masu kwalabe su miƙe tsaye, su ce ga shi mun kawo. Su zauna tukuna. Gaskiya ne a gundumar Linshiyan ta ƙasar Sin, tsakanin 1985 da 1991, an ba mutum kusan 30,000 ƙwayoyin bitamin iri-iri, kuma waɗanda suka sami haɗin seleniyam da bitamin E da beta-karotin mutuwarsu da kansar tumbi ta ragu da kashi 21 cikin 100. Amma mutanen nan abincinsu ya yi ƙarancin waɗannan sinadarai ƙwarai, giɓi aka cike musu. A Finlan kuwa da aka ba mashaya taba beta-karotin ɗin nan, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ƙaruwa ta yi. Ƙwayar kwalba ba gwaba ba ce. Gwajin da ya fi dacewa da mu shi ne na gundumar Linku, ita ma a Sin, wanda aka fara a 1995: an ba masu Helikobakta maganin kashe ta na sati biyu, aka bi su shekara 22, aka tarar kamuwarsu da dajin ta ragu da kusan rabi. Maganin sati biyu kacal.

Wannan ya kawo ni ga sana'armu. Kunna rediyo da dare a kowane gari namu, za ka tarar an sayar wa mai magani rabin awa. Jarka ɗaya tana warkar da olsa da basir da sanyi da hawan jini, wani ma har da daji ba ya jin nauyin faɗa. Mai gabatarwa yana gefe yana ba shi amshi da muryar da jama'a suka amince da ita a labarai. In ka yi magana a ce kuɗin tallan ne ke biyan wuta da albashi. Na yarda gidan rediyo ba ya tafiya da iska. Amma tsohon da ke saurare a ƙauye ba ya bambance talla da shirin lafiya, abin da ya sani rediyo ta faɗa. Kowace jarka da ya saya wata biyu ne aka cire daga lokacin da tiyata za ta iya cetonsa. Ban raina maganin gargajiya ba, abin da nake nema wurin shugabannin gidajenmu bai taka kara ya karya ba. Duk tallan da ya ce yana warkar da daji a mayar wa mai shi kuɗinsa. Duk tallan da ya ambaci olsa, a tilasta karanta alamomin haɗari a ƙarshensa, da muryar mai gabatarwa, a hankali, yadda ake karanta sanarwar rasuwa.

Wani zai ce talaka abin da ya samu yake ci, ba shi da firji, ko yana da shi ina wutar? Haka ne, kuma ruwa mai tsabta da lantarki hakki ne a wuyan hukuma. Sai dai cikin duk shawarwarin lafiya da na sani, rage gishiri kaɗai ne ke mayar wa mutum canji. Dunƙule biyu da aka rage a yini kuɗinsu ya isa a sayi lemon tsami.

Ga alamomin da nake so a karanta. Ramar da ba a san dalilinta ba. Ƙoshi da loma uku a mutumin da ya saba share kwano. Aman da ya ƙi tsayawa, ko mai jini. Bayan gida baƙi kamar kwalta. Ƙarancin jini da kasala. Abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji. Ciwon ciki sabo fil a mutumin da ya haura 45 ko 50, balle in wani a danginsa na kusa ya taɓa yin cutar. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ba ruwan kanwa yake bukata ba, ba kuma omefirazol ɗin ɗan tebur ba. Su biyun suna kwantar da zafi ne, su rufe bakin mai ba da labari, abin da ke ciki ya ci gaba da aikinsa. Ya je babban asibiti ya nemi a leƙa tumbinsa da tiyon nan mai kyamara. A Koriya ta Kudu duk wanda ya kai 40 ana gayyatarsa a duba shi bayan kowace shekara biyu, shi ya sa suke kama cutar tana ƙarama. Mu ba mu kai nan ba, sai mai alama ya kai kansa.

Wanda kuma ba shi da waɗannan alamomi, olsa ce dai ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ya nemi gwajin Helikobakta, na bayan gida ko na numfashi. In an same ta, magani na kwana 10 zuwa 14 ne, yawanci maganin kashe ƙwayoyin cuta iri biyu da mai rage ruwan tsami, a sha shi har ƙarshe ko da an ji sauƙi a kwana na uku, a koma bayan wata guda a tabbatar ta mutu. In kana shan omefirazol ka gaya wa likita tun kafin a gwada ka, don sai an dakatar da shi sati biyu, in ba haka ba takarda na iya fitowa ta ce babu alhali tana nan.